Gurbin Yatsan Baba

Lyon, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Gwaggo Hajiya Batula,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lahiya, ke da ɗiyarki Kausar da duk mutanenmu na Stains, can gefen Paris. Yaya sanyi, yaya kasuwa, yaya ƙafar da aka ce tana damun ki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ne Moctar, jikan Nouhou ƙanin mahaifinki, wanda ya kwana a falonki shekarar da ya zo karatu har ya cinye miki kilishi. Na san za ki ce sai da buƙata ta taso na tuna hanya. Gaskiyarki ce, ba zan yi gardama ba.

Na gama karatun ilimin kiɗa, yanzu ina aiki da wata ƙungiya a nan Lyon. Duk shekara suna shirya jerin wasanni na kiɗan da a cikin wata tsohuwar coci, kuma ƙa'idarsu ɗaya ce: kiɗan zamanin da, sai da kayan kiɗan zamanin da. Ba lantarki, ba lasifika, ba roba. In waƙar ta shekara ɗari uku ce, da irin abin da aka buga ta a lokacin za a buga ta, tsirkiyar hanjin tunkiya da komai. Tun da na fara da su aikina jera kujeru ne da rubuta takardar shirin wasa. Bana sun ware wasa ɗaya na kiɗan hanyar fatake, daga Andalus har ƙasar Hausa, suka ce in na samo tsohon molo na gaske, ni zan hau dandamali in buga.

Gwaggo, kowa a dangi ya san molon Kaka Badaru, uban Nouhou da mahaifinki, yana wurinki. Aronsa nake roƙo, zuwa watan Yuni. Zan riƙe shi kamar ƙwai. Na zaɓi takarda ne don na san ba ki son maganar molon nan ta shiga waya, inda saƙon murya ɗaya ke zagaye Damagaram kafin la'asar.

Ɗanki,
Moctar

*

Stains, 2 ga Maris

Ɗana Moctar,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, na karanta ta sau biyu, na farko don in gane wane Moctar ne. Lahiya lau muke. Ƙafa tana nan, ita da matakalar bene suna ta shari'arsu tun da asansar ɗin gidanmu, mai hawa da mu sama, ta mutu. Kilishi na yafe.

To, Nasara sun gama da tsofaffin kayansu sun zo kan namu. Mu a gida mutum ɓoyewa yake cewa ubansa makaɗi ne, ku a Lyon tikiti ake yanka a zauna tsit kamar gidan ta'aziyya. Wanda ya daɗe zai ga daɗau.

Bari in gyara maka magana ɗaya. Ka ce molon Kaka Badaru. Ni ban san Badaru ba, ya rasu kafin a haife ni. Molon babana Illiassou ne, shekara arba'in yana hannunsa. Wataƙila ba a gaya maka ba, injin ɓarar gyaɗa ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu yana sabon aure. Kowa ya ce ya gama kiɗa. Shi kuwa sai ya sake riƙo, ya riƙa danne bayan wuyan molon da babban yatsa, yau da gobe har itacen ya yi gurbi a wurin, yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya. In kewarsa ta dame ni, nan nake sa yatsana in zauna kaɗan.

Da ya rasu na je gida, yayyena suka ce kayan shaiɗan ne, a sa masa wuta. Inna Hassia, mahaifiyata, ta naɗe shi cikin zane ta cusa a jakata, ta ce in kai shi inda hannunsu ba ya kaiwa. Shekara ashirin kenan yana saman almari.

Yanzu ka buɗe kunne. Idanun Inna sun rufe gaba ɗaya. Kwanakin baya ta sa aka kira mini waya, ta ce: "Batula, in za ki zo, ki zo mini da shi in taɓa. Ba kiɗa nake so ba." Na yanki tikitin Agusta. Don haka zan ara maka, saboda Nouhou ya goya ni ina ƙarama, amma yadda ka ɗauka haka za ka maido, kuma kafin Yuli ya ƙare. Kada in ga sunana a takardar shirinku, ina da abokan ciniki a kasuwar Aubervilliers masu dogon baki.

Ka zo da ƙafarka ka ɗauka. Ba na aika ubana a posta.

Gwaggonka,
Batula

*

Lyon, 6 ga Afrilu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wayi gari lahiya, ke da Kausar. Na iso lahiya, molo a cinyata tun daga Paris, ban yarda ko saman kujera na ɗora shi ba. Na gode da tuwo da miyar kuka, rabona da irinsa tun gida.

Na kai shi wurin wata Madam, ita ke duba wa ƙungiyar kayan kiɗa. Gwaggo, da kin ga fuskarta! Sai da ta sa safar hannu kafin ta taɓa. Ta ce itacen ya haura shekara ɗari, kuma a duk aikinta ba ta taɓa riƙe irinsa ba. Na ji kaina ya yi girma.

Amma akwai ƴar matsala. Shugaban ƙungiya ya duba ya ga tsirkiyoyin uku duk igiyar kamun kifi ce ta roba. Ƙarfen nan mai zobba na kan wuya kuma, mai ƙara in an buga, daga gwangwanin sardin aka yanko shi, har rubutun yana jiki. Ya ce ba za a hau da wannan gaban mutanen da suka zo jin kayan da ba, ƴan jarida za su yi mana dariya. Madam ta ce abu ne mai sauƙi. Za ta ɗaura tsirkiyar izgar doki irin ta zamanin Badaru, ta sa ƙarfe na ƙirar maƙera. Akwai kuma ɗan lotsawa a bayan wuya, ta ce za ta cike shi da itace irinsa don ƙarfafawa, kada ya karye. Duk abin da aka cire za a adana miki, ba abin da zai ɓata.

Na kira wayarki ba ta shiga. Lokaci ya matse mu, aikin yana cin makonni, ni ma sai na saba da sabuwar tsirkiya. In ban ji daga gare ki ba zuwa ƙarshen wata, zan ɗauka kin amince, tunda shiru ma amsa ce.

Ɗanki,
Moctar

*

Stains, 14 ga Mayu

Moctar,

Gaisuwa a taƙaice, muna lahiya. Ina Istanbul sarin kaya lokacin da ka kira, da na dawo kuma na tarar duwan, ƴan kwastan, sun riƙe mini kwantena, ina ta sintiri. Takardarka sai yau na tsinto ta ƙarƙashin tarin takardun talla, Kausar ba ta buɗe akwatin wasiƙu ko da wuta ce a ciki. Na kira ka sau da yawa tun safe, wayarka a kashe.

Shiru amsa ce ga wanda ya ji tambaya. Ni ban ji ba.

"Ɗan lotsawa" ka ce? Da hannuna na rubuta maka labarin wurin nan, ko Hausar ce karatu ya cinye? Kada a taɓa komai. Ko tsirkiya, ko gwangwani, balle wuya. In robar ta fi ƙarfin idon shugabanku, ya rufe ido, ai kunne aka ce a kawo. In kuma bai iyawa, ka naɗe mini kayana ka maido a jirgin gobe.

Batula

*

Lyon, 23 ga Yuni

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kwantena ta fito lahiya, ƙafa kuma ta yi sauƙi. Ki gafarce ni da jinkirin amsa. Takardarki ta iso bayan Madam ta gama aiki, na rasa da wane baki zan fara, na ce bari a yi wasan tukuna in zo miki da labari mai daɗi.

An yi wasan ranar Asabar. Cocin ta cika har ana tsayuwa. Bayan masu ud, molon Larabawa, da masu goge irin na Andalus sun gama, aka bar ni ni kaɗai da molo. Izgar doki tana da wata murya, Gwaggo, mai kauri, mai ɗan kaushi, ta cika ginin nan ba lasifika. Da na gama suka miƙe tsaye suna tafi. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana hawaye. Na tuna yadda ake raina gidanmu a Damagaram, ni ma na yi kuka. Ban sa sunanki ba, kamar yadda kika ce. An rubuta: molon Badaru, Damagaram, farkon ƙarnin da ya wuce.

Na san ranki ya ɓaci. Amma ki bar ni in faɗi tawa. Badaru ya haifi kakana kamar yadda ya haifi mahaifinki, ni ma ina da jini a itacen nan. Abin da Baba Illiassou ya yi masa larura ce ta sa. Da yana samun izga mai kyau, da bai ɗaura igiyar kifi ba. Da injin bai ci yatsunsa ba, da wuyan bai lotsa ba. Ba ɓatawa muka yi ba, asalinsa muka mayar da shi. Ina da yaƙinin in Inna Hassia ta ji muryarsa yanzu za ta yi murna.

Aiki ya hana ni zama a Paris, don haka na yi magana da Kausar za ta tare ni a Gare de Lyon, tashar jirgin ƙasa ta Paris, ran Juma'a ta karɓa. Na saya masa akwati mai kyau. A ciki akwai ambulan, tsofaffin tsirkiyoyin da gwangwanin suna nan cif. Shugaba kuma ya ce baɗi suna so in sake bugawa, amma wannan maganar sai hankalinki ya kwanta.

Ɗanki,
Moctar

*

Stains, 4 ga Yuli

Moctar,

Muna lahiya. Kwantena ta fito, ƙafa ba ta yi sauƙi ba.

Kausar ta kawo. Ta ce ko kofi ba ka tsaya sha ba, ka koma a jirgin da ya kawo ka. Daga tashar zuwa gidana ba nisan Lyon ba ne, ka taɓa zuwa lokacin da kake so.

Na buɗe akwatin. Kyakkyawan akwati, har da ƙyalle mai laushi. Na ɗaga molon na kai yatsana inda na saba kaiwa, sai ya zame ya wuce. Sumul. Madam ɗinku ta iya aiki, wallahi ko alama ba ta bari ba, sai da na kai shi bakin taga kafin na ga inda sabon itace ya haɗu da tsoho. Ban yi kuka ba ranar da aka binne Baba, saboda ina jirgi ban gani ba. Ran Juma'ar nan na yi.

Ka ce larura. To, larurar ita ce babana. Mutum mai yatsu takwas, mai ɗaure tsirkiya da haƙori, wanda matarsa ta wanke masa gwangwanin sardin ya yanka ya yi ƙarfe saboda ya ce muryarsa ta fi masa daɗi. Kun cire larura, sai ku gaya mini wa ya rage.

Kwana na yi ina tunanin wuyan nan da ka ce zai karye. Shekara arba'in ana bugunsa a biki da suna, shekara ashirin a saman almari, bai karye ba. Sai na tuna yadda ka riƙe shi a falona ranar da ka zo ɗauka, yatsanka yana faɗawa gurbin kana ɓata fuska kana gyara riƙo. Mai yatsu biyar ba ya jin daɗin riƙon mai uku. Ba don Badaru aka cike wurin nan ba, Moctar, kada ka ɗora wa matacce.

Na ɗauki wuƙa in ƙwaƙule, na ajiye, ina tsoron in ƙara ɓarna. Ka tambayi Madam ɗinka ko abin da ta manna yana ciruwa. Wannan kaɗai nake nema gare ka, kuma ina so in ji kafin in tashi.

Batula

*

Lyon, 12 ga Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum, ina gaishe ki. Na je wurin Madam jiya. Ta ce kol ɗin da ta manna itacen da shi yana narkewa da ruwan ɗumi, don haka itacen yana ciruwa. Sai dai kafin ta dasa shi, dole ta daddatse gefen gurbin da ƙasansa su miƙe, don sabon itacen ya zauna daram. Haka ake aikin, in ji ta. In an cire, abin da zai fito rami ne mai kusurwa huɗu.

Ta ce in gaya miki ba ta san labarin wurin ba. Ta ce kuma in kina so za ta iya sassaƙa wani gurbin mai kama da shi, in akwai hoto.

Allah ya kai ki lahiya. Ki gaishe mini da Inna.

Moctar

*

Stains, 10 ga Satumba

Moctar,

Na dawo lahiya. Mutanen gida suna lahiya, damina ta yi kyau, gero ya yi kai. Inna ta amsa gaisuwarka, ta tuna Nouhou, ta yi masa addu'a.

Ka ce in ta ji muryarsa za ta yi murna, don haka bari in ba ka labari, haƙƙinka ne.

Ban gama cire takalmi ba ta ce: "Kin zo da shi?" Na ce na zo da shi, Inna, amma bari a huta. Ta ce ita ta huta shekara ashirin. Na bar akwatinka a ɗaki, na naɗe molon cikin zanen da ta ba ni shi a ciki, na kawo mata kan tabarma. Ta goge hannuwanta a jikin zaninta, ta kwance, ta ɗora shi a cinya yadda Baba ke ɗorawa. Hannun hagunta ya hau wuyan. Ba lalube ta yi ba, Moctar, yatsanta kai tsaye ya tafi wurin. Ya tsaya. Ya hau sama, ya sauko, ya sake hawa. Ta shafa tsirkiya, ta kai hannu ta ƙyasta ƙarfen kai, ta karkata kunne. Sannan ta miƙo mini shi da hannu biyu, kamar mai mayar da jaririn maƙwabta.

Ta ce: "Molo ne mai kyau. Wanga na wa ne?"

Na ce na Baba ne, Inna. Na gaya mata komai, da kai, da Lyon, da coci, da Madam mai safar hannu, da mutanen da suka miƙe suna tafi. Ta saurara har na gama. Ta ce: "Wa za shi cike gurbin yatsan mutum? Don mi?" Na buɗe baki, na rasa yadda ake faɗin dalilinku da Hausar da tsohuwa za ta gane.

Sai ta kamo hannuna ta ce: "Batula, kada ki ɗora ma yaron mutane. Zaman Turai da wuya, na sani. In matsi ya sa kin saida shi, kin saida. Kin yi ƙoƙari ma da kika nemo wani don kada in ji haushi. Ban yi hushi ba, ɗiyata, na yahe miki."

Na rantse mata, ta ce in bar rantsuwa. Sai na tuna ambulan ɗinka, na ruga na ɗauko, na ce ga shaida. Na zuba mata a tafin hannu. Yatsunta suka bi igiyar kifin har suka kai ƙulli, irin ƙullin Baba na haƙori, sai na ga fuskarta ta buɗe. Ta kai hanci ta shinshina. Ta kaɗa gwangwanin kusa da kunne ta yi dariya, ta ce ita ta wanke shi. Na ce to kin gani, Inna? Ta ce: "Na gani. Ko wanga kin rage mini kafin ki saida. Allah shi yi miki albarka."

Igiyar tana ɗaure a wuyan hannunta yanzu. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta nuna masa, ta ce Batula ta sayar da molon amma ta tuna da ni. Yaya Dodo, wanda ya kawo ashanar ƙona molon lokacin rasuwar Baba, ya kira ni gefe ya yaba mini, ya ce tun tuni ya kamata in rabu da shi, Allah ya shirye ni. Har na taso Inna ba ta sake neman molon ba, ni ma ban sake ɗauko maganar ba. Uwata ta yafe mini laifin da ban yi ba, kuma da wannan yafiyar za ta kwanta.

Yakubu, direban da ke kai mini kaya Lyon, zai kawo maka molon ran Talata cikin akwatin da ka saya masa. Ba aro ba ne, ka riƙe, baɗi ma ka buga. Takardar shirinku ba ta yi ƙarya ba, na Badaru ne, ni kuwa na gaya maka ban san Badaru ba. Ka ce wa Madam ba ni da hoto, kada ta wahalar da wuƙarta.

Ba sai ka amsa ba. Wannan karon na ji shirunka tun kafin ka yi shi, ya ishe ni.

Allah ya bar maka yatsunka biyar.

Batula, ɗiyar Illiassou